Mai Dafa Adas da Na Sa Aka Kora Daga Riyad

A farkon shekarun 1990 ni ɗalibi ne a Riyad, saurayi daga wani ƙauye kusa da Gusau, wanda Allah ya ba gurbin karatun addini kyauta. Ina shekarata ta biyu, na haddace 'yan littattafai uku ko huɗu, gemu ya fara tsirowa, kai kuwa ya yi girman da hula ba ta zama. Ina ji a raina duk ɗakin kwananmu babu wanda ya kai ni kiyaye halal da haram, kuma ba na ɓoye wa kowa wannan ra'ayi. Na rubuto muku ne domin in faɗi yadda wannan ji da kai ya sa na raba wani bawan Allah da aikinsa da zamansa a ƙasar. Shekaru sun ja, amma abin bai bar ni na huta ba.

Ciki ne ya fara jawo maganar. Abincin makaranta kullum kabsa, shinkafa da maiƙo da kaza, har gyambon ciki ya kama ni. Likita ya hana ni yaji da mai. Ni kuma na ƙara wa kaina wata doka, na daina cin kajin da ake shigowa da su a daskare daga ƙetare, don ban ga wanda ya yanka su ba. Abokaina suna yi mini dariya, wai a ƙasar da alƙibla take ni ne nake neman halal da fitila. Ban kula su ba. Wani ɗalibi ɗan Indiya ne ya ga yadda nake ramewa, ya ba ni shawara in nemi adas, wanda su suke kira dal. Wasu 'yan ƙananan wake ne da ake dafawa su yi lugub kamar fate, a ci da gurasa. Ba nama a ciki, ba abin da zai sa ni waswasi. Haka na ɗauka.

Daga nan na zama ɗan yawon Batha, unguwar kasuwa da baƙi suka cika a tsakiyar Riyad. Duk ranar Alhamis, da yake babu karatu, sai in hau bas in sauka a cikin wannan cunkoso, in yi ta kutsawa lungu-lungu tsakanin masu sayar da agogo da ofisoshin aika kuɗi gida. Gidan abincin Indiyawa ba iyaka, amma ban taɓa zama lafiya a ko ɗaya ba. Wani adas ɗinsa ruwa tsululu, wani yaji kamar an yi da gayya. Inda abincin ya yi daɗi kuma sai in tsare mai wurin da tambaya: wane mai ake sawa, da wace tukunya ake dafa nama, ludayin nan ya taɓa miyar kaza ko bai taɓa ba. Wasu su amsa, wasu su nuna mini ƙofa. In dawo makaranta ƙafa ta yi tsami, ciki ba komai, ina ta masifa ni kaɗai.

A wata na uku na faɗa wani ɗan wuri a bayan masu ɗinkin jallabiya, tebur biyar kacal. Mai wurin dattijo ne Musulmi daga kudancin Indiya, da tabon sujada a goshi da carbi a hannu, sai hankalina ya kwanta. Adas ɗinsu kuwa ban taɓa cin irinsa ba. Mai dafawa wani siririn mutum ne mai furfura a gefen kai, ba ya yawan magana. Ran da na bayyana masa ciwona da guntun Larabcin kasuwa, sai ya riƙa ɗebar mini nawa gefe kafin ya zuba barkono, ya sa mini ɗan man shanu kaɗan. Cikin 'yan makonni na murmure. Na ja ɗalibai 'yan Najeriya da 'yan Nijar zuwa wurin, ina taƙama kamar ni na gina shi.

Wata Alhamis aka kira la'asar muna wurin. Kamar yadda aka saba, aka fitar da kowa, aka ja ƙofar ƙarfe ƙasa, muka nufi masallaci. Na yi nisa sai na tuna na bar littafina a kan tebur. Na koma, na tarar ƙofar ba ta kai ƙasa ba, na sunkuya na shiga. Ga mai dafa abincin zaune a kan buhu yana tsince adas a faranti. Na tambaye shi ko ba zai je salla ba. Ya ɗago ya yi murmushi, ya ce shi ba Musulmi ba ne, Hindu ne, ya miƙo mini littafina da hannu biyu. Bai ɓoye ba, bai kuma ga abin ɓoyewa ba. Na karɓi littafin na fice zuwa masallaci. Sallar nan na yi ta ne kawai, amma ban san me na karanta a raka'ar farko ba balle ta ƙarshe, lissafin kwanukan da na ci nake yi.

Mako guda na kasa zaune na kasa tsaye. In buɗe littafi in rufe. In kwanta in tashi. Abin da ya fi ci mini rai, in faɗi gaskiya, ba tsoron Allah ba ne, kunya ce. Ni da nake yi wa mutane wa'azi a kan kaza, ni ne na kai su cin girkin wanda ba ya salla. Na san za a yi mini dariya har in gama makarantar. Malamanmu suna nan, kullum ina zama gabansu, amma ban tambayi ko ɗaya ba, don a ganina na riga na san hukuncin. Na koma wurin dattijon na tsaya masa a ka, a gaban mutane, na ce ya yaudare mu. Ya ja ni gefe yana kirana ɗansa. Ya ce mutumin nan ko nama ba ya ci balle ya taɓa, adas da ganye kawai yake dafawa, mai dafa naman daban ne kuma Musulmi. Ya ce shekararsu takwas tare, 'ya'yan mutumin mata uku a gida da wannan aikin suke ci. Sai ya sassauta murya ya roƙe ni kada in ɗaga maganar, domin a iƙamar mutumin, wato takardar zamansa, lebura aka rubuta ba mai dafa abinci ba, in aka bincika ya tashi daga aiki ke nan.

Dattijon ya gaya mini wannan ne don in ji tausayi. Ni kuma na mayar da shi makami. Na zauna na rubuta wa kafilinsu wasiƙa, wato Balaraben da wurin yake da sunansa, wanda yakan leƙo ran Alhamis ya sha shayi. Na zuba Larabci mai nauyi, na gyara kowane wasali, har na karanta wa abokan ɗakina ina jiran yabo. A ƙarshenta na saka maganar iƙamar, na ce in ba a gyara ba zan kai ƙara gaba. Ɗaya daga cikin abokan ɗakin nawa, wani ɗan Maraɗi, ya ce in ji tsoron Allah in cire wannan layin. Na ce masa imaninsa ne da rauni. Na kai wasiƙar da hannuna. Kafilin ya karanta, ya dube ni, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce shi ba ya son mushkila, wato matsala.

Na zaci zan samu natsuwa, sai abin ya ƙaru. Bayan kwana goma na kasa daurewa, na tare malaminmu na fiƙihu bayan darasi, na ba shi labari ina sa ran ya sa mini albarka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni a wane littafi na ga cewa wake yana haramta saboda addinin wanda ya dafa shi. Ya ce maganar yanka daban, maganar hatsi da ganye daban, kuma wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. Da na ambaci layin iƙamar sai fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ba kishin addini ba ne, cin amana ne, in tashi yanzu in je in warware abin da na ƙulla tun kafin lokaci ya ƙure.

Ban jira bas ba, tasi na tara. Na isa na tarar da wani sabon mutum a bakin tukunya. Dattijon ya ce kafili ya buga wa mutumin bizar fita ba dawowa, jirginsa ya tashi shekaranjiya. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, wannan ya fi mini zafi. Na roƙe shi adireshin mutumin in rubuta masa in nemi gafara. Ya girgiza kai, ya ce takardata ɗaya ta ishe shi, ba zai bari ta biyu ta same shi ba. Na tsaya a bakin titi mutane suna bangaza ta, na rasa inda zan nufa.

Yau ina koyarwa, ɗalibai suna tambayata hukunci, kuma ba abin da nake tsoro kamar saurin amsa. Na koyi cewa ɗan ilimi kaɗan a hannun mai girman kai ya fi jahilci ɓarna, domin jahili yakan yi shakka, ni kuwa ban yi ba. Ina kira ga matasa, musamman waɗanda suka fita karatu suka fara jin Larabci a bakinsu: kafin ka ce abu haram ne, tambayi wanda ya fi ka. Kafin ka kai ƙarar mutum a ƙasar da takarda ɗaya take korar sa, tuna akwai masu ci daga hannunsa. Sirrin da aka ba ka don ka tausaya kuwa, kada ka soki kowa da shi. Na yi istigfari ba adadi, amma haƙƙin mutum sai shi ya yafe, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ga shi ban san garinsu ba. Watanni na yi ina cin girkinsa ina kiransa sadiƙ, wato aboki, yadda ake kiran kowane baƙo a kasuwa, ban taɓa tambayar sunansa ba.