Fil ɗin da A-hankali Ya Manta

Kowa a unguwar A-hankali yake ce masa, har matarsa idan tana son tsokanarsa. A wurin aiki ya samo sunan. Shekara ashirin da takwas ya yi a garejin wani kamfanin fasa dutse yana gyaran manyan motocin kwasar tsakuwa, kuma duk direban da zai fita da mota sai ya bi shi har bakin ƙofa yana cewa, "A hankali, don Allah, a hankali." Direbobi su yi dariya su taka wuta. Da yamma su dawo masa da ita tana ɗigar baƙin mai, shi kuma ya shige ƙarƙashinta yana mita.

A duk tsawon shekarun nan ko babur bai taɓa mallaka ba. Burinsa ɗaya ne, wata rana ya samu injin da yake nasa, wanda babu mai wulaƙanta masa shi. Da ya ajiye aiki sai ya ji labarin wata ƙaramar tarakta da masu wata gona ke son rabuwa da ita. Ya je ya gan ta a bayan rumbu, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyinta, jan fentinta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ba ta kai rabin taraktocin noma girma ba, amma tana da hannuwa biyu a gaba masu riƙe da bokiti, wanda ɗiba ɗaya yake kwashe abin da baro shida ba za su kwashe ba. Ya zagaya ta sau uku, ya durƙusa ya leƙa cikinta, ya ce a sa masa ita a mota.

Wata uku ya yi yana tayar da ita. Ya wanke lagireto, ya sauya tiyoyin da ke kai mai zuwa hannuwan, ya kwance kuloci ya mayar. Ya gina mata rumfa a gefen gida, ya kafa katako a bango ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba.

"Kicin ɗina shekara uku yana yoyo," in ji matarsa, "ita kuwa daga zuwanta an yi mata sabon kwano."

"Ke ai kina iya matsar da tukunya," ya ce. "Ita ba ta iya matsawa da kanta."

Sai dai A-hankali mai gyara ne, ba mai tuƙi ba. Bayansa ya lalace tun a gareji, awa ɗaya a kan kujerar nan mai girgiza sai ya kwana biyu bai miƙe daidai ba. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, tana zaune a ɗakin baya na gidansa, ita ce ta kawo shawara.

"Ga ƙanenka yana zaune," ta ce. "Ko sai ka nemo bare?"

Ƙanen nasa, Auta, A-hankali ya girme shi da shekara goma sha biyu. Direban babbar mota ne a da, har ranar da birki ya tsinke masa a wata gangara motar ta kife. Babu wanda ya mutu, amma aikin ya tafi, kuma babu mai motar da ya sake miƙa masa makulli. Shekara biyu ke nan yana zaman ƙofar gida, mutumin da a da ba a jin muryar kowa sai tasa ya koma ba ya ko ɗaga kai.

Ranar da ya hau taraktar, kafin azahar ya gane kanta. Cikin wata guda magina sun fara cewa Auta zai iya ɗaukar tsinken ashana da bakin bokitin bai taɓa ƙasa ba. Aiki ya yi ta zuwa: kwasar yashi, loda taki, share ɓaraguzan gini, baje tsakuwa a layukan da babbar mota ba ta shiga. Wata damina da magudanar unguwa ta toshe ruwa ya fara shiga gidaje, su biyun suka buɗe ta cikin yini ɗaya, Auta a sama, yayansa a ƙasa cikin taɓo yana nuna masa da hannu.

Kowace safiya iri ɗaya ce. A-hankali zai fito da famfon giris ya bi gaɓoɓin hannuwan ɗaya bayan ɗaya, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya ƙwanƙwasa tayoyi. Auta yana zaune a bakin bokiti da kofin shayi yana jiransa.

"Yaya, ko jariri ba a yi masa irin wannan wankan."

"Jariri yana kuka idan wani abu na damunsa. Ita sai ta karye za ka sani."

"To a sa mata hoda mu tafi, rana na yi."

Haka suka yi shekara huɗu, kuma A-hankali ya sha faɗa daga baya cewa a rayuwarsa bai taɓa jin daɗin aiki kamar a shekarun nan ba.

A shekara ta biyar A-hankali ya lura hannun hagu na taraktar yana ɗan wasa. Ya duba ya ga fil ɗin ne ya cinye, wato gajeren ƙarfen nan mai kauri da ke haɗa hannu da bokiti. Mai sayar da kayan gyara ya ce babu, sai an aiko da shi, mako guda. Ga aiki ya taru. Sai A-hankali ya ɗauki wani guntun rodi ya kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya fere masa shi daidai ramin. Ya san ƙarfen mai taushi ne.

"Na wucin gadi ne," ya ce wa Auta. "Kada ka cika mata kaya har na gasken ya zo."

Na gasken ya zo ranar da Inna ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu. A-hankali ya karɓe shi a naɗe cikin takarda mai maiƙo, ya jefa a aljihun teburin rumfa, ya wuce asibiti. Kwana tara ana zirga-zirga. Da hankali ya kwanta, Auta ya tambaye shi ko an sauya, shi kuma da zuciya ɗaya ya ce an sauya, domin a ransa ya ga kamar ya yi.

Bayan mako uku, da hantsi, wani lebura ya zo a guje ya ce wa A-hankali ya zo wurin ginin da Auta ke aiki. Ya tarar da mutane sun yi da'ira. Auta ya ɗaga bokiti cike da jiƙaƙƙen yashi zai juye a bayan wata a-kori-kura, sai gefen hagu ya saki. Bokitin ya karkace ya faɗo ya lotsa gefen motar, hannun taraktar ya murɗe kamar an matse tsumma. Auta yana tsaye a gefe, ya naɗe hannunsa na dama da rigarsa, jini yana ɗiga daga gwiwar hannun.

A-hankali ya gan shi. Wannan ne abin da bai taɓa iya musantawa ba, ya ga jinin. Amma wurin taraktar ya nufa. Ya shafa murɗaɗɗen ƙarfen, haushin duk direbobin da suka taɓa yi masa dariya ya taso masa. Ya juyo a gaban leburori da magina da mai motar.

"Sau nawa zan ce maka a hankali? Kai dai duk abin da aka damƙa maka sai ka kifar da shi! Wancan mai motar ma da ya kore ka ai ya san abin da ya gani."

Wurin ya yi tsit. Auta ya matsa wurin taraktar. Ya sa hannun hagu ya zare makulli ya ɗora a kan kujera, ya ratsa mutane ya tafi. Wani magini ne ya bi shi ya kai shi aka yi masa ɗinki.

Da la'asar aka jawo taraktar gida. A-hankali ya sa guduma ya fitar da guntun fil ɗin da ya maƙale a rami, ya juya shi a tafin hannunsa. Ga sawun injin fira a jikinsa. Sannan ya je ya jawo aljihun tebur, ga na gasken nan kwance cikin takardarsa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Matarsa ta shigo da ruwa ta same shi zaune a ƙasa. Ya nuna mata, ya faɗa mata komai.

"To tashi ka je," ta ce. "Gidansa ba nisa."

"Bari ya huce tukuna. Gobe."

Gobe ta yi, ya ce bari ya fara neman mai miƙe hannun taraktar. Jibi ya ce kunya yake ji, wa zai tsaya gaban ƙanensa ya ce ni ne? Ya shirya maganar a ransa ya fi sau ɗari, har ya taɓa zuwa bakin layinsu ya juyo. Kafin wata biyu Auta ya samu aikin tuƙin motar ruwa a wani gari mai tafiyar yini guda, ya kwashe iyalinsa. Ya zo ya yi wa Inna sallama, ya durƙusa ya gaida yayansa kamar yadda ya saba, ya ce a yafe masa. A-hankali ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Ba gaba suka yi ba, da gaba ce ma da wani ya shiga tsakani. Auta yana zuwa duba Inna sau biyu a shekara, su gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi jiki. Rumfar ce dai bai sake takawa ba, kuma bai sake tsokanar yayansa ba. Taraktar ta gyaru, A-hankali ya riƙa hawanta da kansa, yana aikin awa biyu yana jinyar kwana biyu. Ya gwada direbobi uku, babu wanda ya yi wata. Magina suka koma kiran wasu.

Inna ta tambaye shi sau ɗaya, a shekararta ta ƙarshe, yana gyara mata matashi.

"Me ya shiga tsakaninka da yaron nan?"

"Babu komai, Inna. Sha'anin aiki ne."

"Ni na ce ka ɗauke shi," ta ce. "Na ɗauka alheri na haɗa." Ta rasu tana ganin laifin nata ne, kuma ya bar ta a haka.

Sai da shekara bakwai ta cika, idonsa ya fara hazo har ba ya ganin layin ma'aunin mai, sannan wata safiya ya ce wa matarsa ta fito masa da rigarsa mai kyau. Ya shiga mota ya yi tafiyar yinin nan. Ya samu Auta a tashar motocin ruwa yana wanke gilashi, furfura ta fito masa, yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa. Suka zauna a kan benci a inuwar tanki. Duk jawabin da ya shirya ya gudu.

"Fil ɗin nan," ya ce, "ban sauya shi ba. Na wucin gadin ne ya karye. Tun ranar na sani."

Auta ya matse tsumman hannunsa ya shanya a gwiwa.

"Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Ɗaya rabin a gabana ya faɗo. Ina gani na gane shi. Na tsince shi na sa a aljihu kafin mutane su taru, kada a ce A-hankali ne ya yi sakaci. Sunanka ne ke kawo mana aiki. Na ce idan ka duba za ka zo. Wata biyun nan da na yi kafin in tashi, kullum da yamma ina ƙofar gida."

A-hankali ya rufe fuska da hannu biyu. Tsoho ne mai shekara saba'in da ɗoriya, yana kuka a tashar mota, direbobi suna kawar da kai.

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun tuni. Haba, Yaya, tashi mu je gida ka ga yara."

Ya kwana biyu a can. An karɓe shi da kyau, Auta har ya yi masa dariya da ya ga yana leƙa ƙarƙashin motar ruwan. A rana ta biyu A-hankali ya yi ƙarfin hali ya ce taraktar tana nan lafiya lau, idan yana so ya dawo, tasa ce.

Auta ya girgiza kai. "Yara suna makaranta a nan, babbar ma ta fara aiki. Kuma hannun nan ba ya riƙe libar ɗaga bokiti yadda ya kamata. Da a shekarar farko ne, Yaya, da ko kaya ban tsaya ɗauka ba."

Bayan ya dawo da wata uku ya sayar da taraktar ga wani mai buga bulo a bayan gari. Ya tsare mutumin yini guda yana lissafa masa duk wata lalurarta, har wadda ba a tambaye shi ba, ya haɗa masa da sifanonin. Rumfar ta zama wurin shanyar matarsa.

Yanzu duk ƙarshen mako Auta yana kiransa a waya. Sukan yi minti goma, wani lokaci sha biyar, a kan ciwon baya da karatun jikoki da tsadar taya. Idan an kashe wayar yakan daɗe yana riƙe da ita a cinya, matarsa ta leƙo ta tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, suna gaishe ta.