Sarkin Rabin Aski

"A ba da hanya, ga Sarkin Rabin Aski!" in ji Ɗan Surutu, wanda ya zo asibiti dubiya.

Wani tsoho ne ke tafe yana jan ƙafa, gefen kansa a aske, siririyar roba daga wurin tana ɗigo da baƙin jini cikin leda. Wai tun da ya faɗi, jini ke taruwa saman ƙwaƙwalwarsa a hankali, har ya daina gane 'ya'yansa, likita ya huda ƙoƙon kan. 'Yarsa tana riƙe da ledar kamar ƙwai. Ƙila tela ne, sai shafa ɗinkin mayafinta yake.

Ba wanda ya dara. Ɗan Surutu ya durƙusa. "Baba, wasa nake."

"Na ji. Yau na tuno sunan 'yata. Matsa mu wuce."