Filashi Babu Fim

Samarin Wurno masu kiɗan jita, da rigunansu masu ƙyalli da kwalli raɗau, kowa 'yan iska yake kiransu, har ni. Ranar wasansu na farko a Goronyo sunka kira ni in ɗauke su hoto. Na ɓoye fim ɗina don bikin ɗiyar kansila, na yi ta haska musu filashi, suna gyara tsayuwa.

Daga baya sunka yi suna. Yau mai gangarsu ya rasu, masu zaginsu na ta bugun ƙirji wai su sunka raine su. Ƙarya ce!

Ɗiyar mamacin ta zo shagona. "Baba, ko hoto guda ba ni, in ga babana da ƙuruciya."

"Mi zan ba ki, ɗiyata? Kyamarar wayam take rannan."

Ta dube ni, ta fita babu sallama.