Gwiwar Alhaji ba ta da takardu

"Wato duk jikina kun karɓa, ban da gwiwar hagu?" in ji Alhaji, yana harara ta a ofishina na Elm Street.

Inshorar lafiya nake sayarwa. Sau uku ina masa bayani: tunda an taɓa yi wa gwiwar aiki, kamfanin ya cire ta. In ta tashi, ba ruwansu.

Ya ce, "Haba 'yata! Ko mai tumatir yana gyara. Mutum sukutum na kawo muku, a saka min ita gyara mana."

Na ce kamfani bai san gyara ba.

Ranar Juma'a na hango shi yana lallaɓowa a matakalar masallaci. Ya ɗaga murya: "A ba mu hanya, wannan ba ta da takardu!"

Jama'a, da ku ne, me za ku ce masa?