Matar da ke Rage wa Kwamfuta Gudu

A wani shagon gyaran kwamfuta a Nyanya, wata mata ce ke zaune bayan tebur. Za ta kai shekara hamsin, da tabarau a karan hanci, ɗankwalinta ya ɗan zame. A gabanta wani mai haɗa bidiyon biki yana tsaye da kwamfutarsa, wadda ke mutuwa da zarar aiki ya yi nisa. Gobe ango zai zo karɓar faifansa.

Tana ɗora bayan hannunta a jikin na'urar, kamar mai duba zazzaɓi.

"Kingsley," ta ce masa, "wa ya ƙara wa firosesa da memorin kwamfutar nan gudu fiye da ƙarfinsu?"

"Ni ne, Mama. A intanet na gani."

Ba ta yi masa faɗa ba. Tana rage lambobin gudun ɗaya bayan ɗaya, tana sake kunnawa, tana kasa kunne. Ni da ke zaune a gefe ina kallo, ina ta tunanin inda ta koyi wannan haƙuri. Wataƙila ta taɓa yin aikin jinya.

"Yanzu ta gyaru?" in ji shi.

"Ban sani ba tukuna. Sa bikin daga farko, mu ga ko amarya za ta kai ga yanka kek."