Sunan Dogo a Kan Allo

Mai fenti ya tsufa yana rubuta sunayen mutane a allunan shaguna, nasa bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Gajere ne, mai yawan shiru, farcensa kullum da shuɗin fenti. Da ya auri bazawarar da ke da gidan biredi a bakin titi, sai ya tarar marigayi mijinta, wanda ake kira Dogo, bai gama fita daga gidan ba. Biredin Dogo a allo, Biredin Dogo a leda. Yara in sun zo saye, yana zaune za su ce, "Matar Dogo, a ba mu biyu."

Abin ya riƙa cin sa. Ya ce mata, "Ke kuwa, ba za a sauya sunan nan ba? Kyauta zan rubuta miki."

"Maigida, da sunan nan aka san mu. In na goge shi, wa zai gane ledata?"

Ana haka ƙanin marigayin ya buɗe nasa gidan biredin a bayan tasha, shi ma ya sa Biredin Dogo. Ya zo har ƙofa ya ce, "Matar yaya, sunan jinina ne. Ke kin yi wani auren, me ya rage miki?"

Mai fenti ya ji sanyi a ransa. Ya ce a zuci, a kwashe sunan, a kai kasuwa.

Matar dai ba ta yarda ba, ta ja mai fenti suka je wajen lauya. Lauya ya ce, "Malama, jini ba ya ba da sunan kasuwanci. Wa ya yi rajistarsa? Wa ya daɗe yana ciniki da shi?" Ita ce ta yi rajista bayan rasuwar, amma lauya ya ce a ƙara da shaidar wanda ya san daɗewar allon.

Duk suka juyo suka dubi mai fenti. Shi ya rubuta allon farko, Dogo na tsaye a kansa yana cewa a ƙara wa harafin girma.

Ya so ya ce ya manta. Ya ga hannun matarsa duk tabon ƙunar tanda, sai ya faɗi gaskiya, kamar mai tauna tsakuwa. Takardar lauya na isa, ƙanin ya sauke allonsa, bai ko bari an je kotu ba.

A hanyar gida tana ta murna, shi ko ya ɗaure fuska. Can ya ce, "Ni in na mutu, me za ki sa wa sunana?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariya. "Kai dai ka zauna da ranka. Zo mu tsallaka, mota na zuwa."