Motar Gwaggo Mai Ɗinki

Gwaggo mai ɗinki ta shekara talatin tana taka keken ɗinki kafin ta sayi mota ta hannu, fes da ita. Kwana huɗu da saye, giya ta ƙi shiga.

Ƙanenta ya ce, "Yaya, ta hannu ce fa, sai haƙuri."

Ba ta yi musu ba. Ta zaro takardar ciniki daga gwangwanin maɓallai, ta je wurin dillalin, ta zauna a bencinsa.

"Ɗana, ni idan rigar da na ɗinka ta ɓarke, gyaran nawa ne. Ga inda ka rubuta lafiyarta ƙalau."

Dillalin ya sosa ƙeya, ya kira makanike. Bayan kwana biyu ta tuƙo abarta gida a hankali, tana ɗaga wa maƙwabta hannu.